Lemun Tsami a Aljihun Wandona

Shekarar da masu lamba, wato masu rigakafin agana, suka zo Samaru, ni na fi kowa shiri. Wani yaro a Sabon Gari ya koya mini dabara: da an tsaga maka hannu an ɗiga maganin agana, ka zagaya bayan gida ka goge wurin da lemun tsami, ba kumburi, ba zazzaɓi. Sai na kwana da lemuna biyu a aljihu, ɗaya nawa, ɗaya na ƙanwata Ladi.

Da magariba muka zagaye murhun kakarmu Iya, tana gasa mana gyaɗa. Hancin tsohuwar nan, wallahi daga Samaru tana jin ƙamshin miyar ƙauyen Bomo.

"Maigidana, miyar wa za ka yi da lemu?"

"Tsohuwa, sayen tatsuniya zan yi da shi."

Ta yi dariya, ta ce to mu matso, ga ta nan tafe. Wai Agana mace ce 'yar gayu, ta shigo gari neman 'ya'yan riƙo. Gida gida take bi tana ɗaga hannun yara. In ta ga tabo sai ta ce, "Wannan da mai shi," ta wuce. Wata yarinya mai tsoron zafi ta wanke nata a rafi. Agana ta duba hannun, sumul. Ta ce, "Yawwa, tawa."

Ladi ta ce, "Sai ta cinye ta?"

"A'a. Ta mayar da ita bayan wata guda. Amma ta riƙe ƙannenta biyu."

Daga nan Iya ta kamo hannuna ta ɗora a kumatunta. Ramuka ne, sun fi dubu. Kullum ina tsokanarta da su, ban taɓa tambayar inda ta samo su ba.

"A zamaninmu ba wanda ya zo da lamba," in ji ta. "Ku an kawo muku har ƙofa."

Washegari ni ne farkon layi, lemun kuwa ko taɓa shi ban yi ba. Hannuna ya kumbura ya kai tulu, na yi ta raki har maƙwabta suka zo gaisuwa. Ladi kuwa ko a jikinta.

Sai da na girma na gane abin da ya kusa faruwa: ba kaina kaɗai na so in cuta ba, har da yarinyar da ta yarda da ni. Yau in na nuna wa jikokina tabon, na ba su labarin agana, sai su ce, "Kai Baba, ka fara!" Ba su taɓa ganinta ba. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin a ƙaryata ni irin wannan ba.