Shirun Rustam

A bakin kakarta Hezal ta fara jin sunan. Duk yaron da aka tambaya ya ƙi magana, sai tsohuwar ta ce, "Kai, Rustam ne ya haife ka?" Hezal ta ɗauka sunan wani kurma ne. Sai da ta tasa ta gane ashe ƙanen kakar ne, tsohon nan na ƙarshen ƙauye da ba ya magana sai da raɗa.

Da ƙuruciya alfadarai yake kora a duwatsun Hakkari na ƙasar Turkiyya, shi da ƙanensa Nadir. Su sauka da cuku da ulu, su hau da gishiri da kananzir. An ce a lokacin in Rustam ya yi wa alfadari tsawa, har ƙauyen ƙetare sai an ji.

Mutanensu suna da ƙa'ida in sanyi ya shiga. Kafin a ratsa gangare sai a cusa ulu cikin ƙararrawar dabbobi, a wuce ɗaya bayan ɗaya, ba mai tari balle magana, don sun yarda ƙara ce ke sa dusar ƙanƙara ta zubo daga dutse.

Shekarar da abin ya faru, sabuwar dusa ta kwanta a kan tsohuwa wadda ta riga ta zama gari kamar sukari. Nadir ne ya fara shiga gangaren. Ya kai tsakiya ke nan Rustam ya ji ƙasa ta nisa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ga tsaga tana gudu ta saman gangaren. Ya buɗe baki, ya tuna ƙa'ida, ya rufe. Ya dinga ɗaga hannu, Nadir kuwa ya ba shi baya. Dusar ta zubo ta binne Nadir. Sai da ta narke aka samo shi, igiyar alfadari na naɗe a hannunsa.

Ba wanda ya zargi Rustam. Dattawa ma cewa suka yi ya kyauta. Ya sayar da dabbobin, bai yi aure ba, muryar kuma ta shige ciki.

Hezal ce ke kai masa burodi in ta zo hutu.

"'Yar boko," ya ce mata wata rana, "me malamanku suka ce? Ihu na zubo da dusa?"

"Sun ce nauyin mai tafiya ne, Kaka. Murya ba ta isa ba."

"Ji ƙarya! Su da ko alfadari ba su iya ɗaurewa."

"To kai da ka iya, ina naka?"

Ya yi 'yar dariya. Shayinsa ya huce bai taɓa ba.

Da zafi ya shigo ya sa ta raka shi gangaren. Ciyawa ce kawai da tumaki. Ya tsayar da ita a kan wani dutse, ya nuna tsakiyar wurin da sandarsa.

"Nan inda kike na tsaya. Zan je can in juya miki baya. Ki kira ni da iyakar ƙarfinki, jikata. So nake in san ko Nadir zai ji da na yi ihu."