Kawu Direba Ya Sauko Daga Mota

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban tasi ne. Shekara ashirin da shida ya yi a bayan sitiyari, har kujerar motar ta lotsa daidai jikinsa. A tasha Sai-gobe suke ce masa, don duk abin da ka ce ya yi, in dai ba tuƙi ba ne, amsar ke nan. Gyaran ƙofar banɗaki, sai gobe. Zuwa asibiti awon jini, sai gobe. A gida mutum ne mai ban dariya, amma a kan titi ba ya da daɗi. In wani ya sha gabansa, sai ya leƙo ta taga ya yi ta masifa har jijiyar wuyansa ta miƙe. A mota yake cin abinci, lemon kwalba a gefensa kullum, tumbi kuwa har yana gogar sitiyari.

Wata Talata da hantsi motar ta mutu masa a tsakiyar mararraba. Fasinja ɗaya ce a ciki, wata dattijuwa da kwandon cefane a cinya. Kawu ya fito, hannu ɗaya a sitiyari, ya sa kafaɗa zai tura. Bai yi taku goma ba numfashi ya ƙwace masa. Ya jingina da ƙofa yana haki, motoci na ta yi masa ham ta ko'ina.

Dattijuwar ta ajiye kwando ta fito.

"Ɗana, shiga ka riƙe sitiyarin."

"Haba Inna, ki rufa min asiri."

"Wane asiri kuma? Ga jama'a nan suna kallo. Shiga na ce."

Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tura motar har gefen titi. Da ta zo ɗaukar kwandonta sai ta tambaye shi shekarunsa. Ya ce hamsin da ɗaya.

"Na girme ka da sha bakwai. Ka riƙa sauka daga motar nan, ai ba a cikinta aka haife ka ba."

Da bakinsa ya ba mu labarin da yamma, ina gidan na kai wa matarsa ɗinki. Anti, haka muke kiran matar, ta yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta yi nisa ba. Da ta nutsu sai ta ce, "To Malam, yanzu me za ka yi?" Ya buɗe baki, muka ga kalmar nan tasa ta taho, sai ya haɗiye ta. Ya zura silifas ya fita. Ƙarshen layi kawai ya kai ya dawo, ya zube a kan dakali, rigarsa sharkaf.

A ranar suka yi yarjejeniya. Makullin mota zai riƙa kwana a hannun Anti, ba za ta ba shi ba sai ya yi tafiyarsa ta safe. Minti goma ya fara da ita, sannan ashirin. A sati na uku ya gwada wayo: ya zauna wajen mai shayi, da lokaci ya cika ya watsa ruwa a fuska ya shigo yana haki. Anti ta zagaya bayansa ta taɓa rigar.

"Ikon Allah. Yau fuska ce kaɗai ta yi tafiyar, baya ya zauna shan shayi?"

Washegari ta sa takalmin ƙanwarta ta bi shi, wai don ta sa masa ido. Tun daga nan ba ta daina ba.

Ba kullum abin ya tafi daidai ba. Da damina ta sauka gwiwarsa ta kumbura, ya yi kwana tara bai fita ba, har ya fara cewa dama jikin direba ba na gudu ba ne. Maƙwabciyarsu, wata nas, ita ta duba gwiwar ta ce ba wani abin tsoro, tafiya kaɗai yake yi bai ƙarfafa sauran jikin ba. Ta nuna masa yadda zai miƙe jijiyoyi, da yadda zai tsuguna ya tashi ba tare da ya wahalar da gwiwa ba. Ya ce min fitar da ya yi rana ta goma ta fi ta farko wuya, don ta farko kunya ce ta kore shi, wannan kuwa ba mai korarsa sai shi kansa.

Ya karɓo tsohuwar taya wajen mai faci yana juya ta a tsakar gida. Ya cika jarkoki biyu da ruwa yana zagaye da su. Lemon kwalba ya koma ranar Juma'a kawai. A tasha, in yana jiran layi ya zo kansa, sai ya fito ya dafa bayan mota yana miƙa. Direbobi suka samu abin yi. "Ku matsa, Sai-gobe zai shiga soja!" Ya bar su suna yi. Kafin shekara ta zagayo, mutum bakwai ne ke dafa bayan motocinsu tare da shi, har da wanda ya fi kowa tsiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a mota na gan shi. Yana kai ni kasuwa wani mai babur ya goge masa madubi. Na riga na toshe kunne. Sai na ga Kawu ya ja numfashi, ya sauke gilashi ya ce, "Ba ka dai ji ciwo ba ko? To je ka, ka riƙa kula."

Na ce, "Kawu, kai ne kuwa?"

Ya ce, "Akwai wani tudu da muke hawa da safe. In ƙirjina ya ce tsaya, sai in ce masa bari mu kai wancan turken wutar tukuna. Ashe fushi ma haka yake. In na ce masa jira, yana jira."

Bana aka shirya gudun kilomita goma don tara wa wani asibitin yara gudummawa, Kawu da Anti suka rubuta sunansu su biyu. Muka tsaya a wajen ƙarewa da ruwa da tawul. Matasa suka wuce, masu matsakaicin shekaru suka wuce, sai ga Anti tana tafe a nutse kamar an aike ta. Muka ƙara jira. Can sai ga Kawu cikin 'yan baya-baya, fuska sharkaf da gumi, hannu biyu a sama, yana gaisawa da duk wanda ya tafa masa. Direbobin tasha da suka zo kallo suka ɗaga shi sama, su huɗu, suna waƙa.

Da suka sauke shi ya shanye gora guda, ya dubi Anti ya ce da gangan ya bar ta ta wuce, don kada a ce bai san darajar iyali ba. Ta ce to, madalla, baɗi ma ya ƙara barin ta. Muka tafi gida a ƙasa gaba ɗayanmu, shi a gaba yana ɗingishi kaɗan, yana tambayar maƙwabciyarsu nas, da ita ma ta zo kallo, ko mai shekara hamsin da uku zai iya koyon iyo.