Sabulu a Kwalaben Gwaji

Har yanzu ban manta da Larabar nan ba. Wata biyu ke nan da ɗaukata aiki a wani ɗakin bincike, bayan na gama sakandare. Aikina wanke kwalaben gwaji. Kullum daga unguwar Abakpa nake takowa, in ɗora farar riga a kan atamfata, in tsaya bakin famfo.

Wanki kam na iya shi. A gidanmu in kwano bai sha sabulu ba, Inna dawo maka da shi take yi. Ruwan wankin da suka ba ni ba ya kumfa, sai na ƙunso garin sabulu daga gida.

Ranar, likitan da ke shugabantar ɗakin ya fito da kwalba, ya shinshina, ya dube ni.

"Ke, me kika sa a nan?"

"Sabulu, ranka ya daɗe."

"Kin narkar da aikin mako uku. Ɗauki jakarki."

Na tuna yadda Baba ya bi ofis-ofis kafin a ba ni gurbin nan. Amma ban taɓa jakar ba.

Na ce, "Wanke aka ce mini, na wanke. In korata za a yi, a fara gaya mini abin da na ɓata."

Mataimakinsa, wani dattijo, ya ce, "Ji bakin 'yar sakandare."

"Sakandaren ce ta sa nake tambaya, Malam."

Likita ya yi tsaki, amma ya ɗauki alli. Ya zana ƙwayar halitta da tantanin da ke cikinta. Ya ce tana ƙera furotin, kuma ana zaton wanda za shi tantani yakan fito da ɗan guntu a gabansa. Guntun ke kai shi, in ya shiga sai a yanke guntun. Abin da suke son gani ke nan a kwalaben. Tantanin kuwa maiƙo ne.

Na ce, "Maiƙo? Wace mace ce ba ta san abin da sabulu ke yi wa maiƙo ba? Da an faɗa mini tun ranar farko, da ko kusa ban sa shi ba."

Likita bai ce in zauna ba, ni ma ban roƙa ba. Na kwashe kwalaben duka, na buɗe famfo na shiga ɗauraya. Ya daɗe tsaye a bayana, sannan ya ce wa dattijon, "Nuna mata inda tataccen ruwa yake."