Gaisuwar Baba Mai Faci a Hanyar Damaturu

Bayan an hana hawa babur a Maiduguri, duk muka koma keke, har da mu masu tumbi. Ni tela ne a Bulabulin. Da 'yan unguwa suka kawo shawarar mu tuƙa keke har Kano don a tara wa 'yan gudun hijirar da suka cika makarantar firamarenmu abinci, ni na fara ɗaga hannu. Wasu 'yan Kasuwar Kwastam suka yi alkawarin duk babban garin da muka kai za su aika musu da buhun gero. Matata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ko unguwar Gamboru nan kusa ka je sai ka dawo ka kwanta?"

Mu shida muka tashi bayan sallar asuba. Babbanmu wani dattijon Babarbare ne mai faci a bakin layinmu, Baba muke ce masa. Mun tafi da shi saboda taya, shi kuwa bai ɓoye mana abin da ya fito da shi ba. Yana da ƙane a wani ƙauye gaba da Benisheikh. Shekara biyu ke nan da aka tarwatsa ƙauyen, kuma tun ranar bai ji ko yana raye ba. Direbobi ba sa tsayawa a wannan hanya, ko fitsari ya matse ka sai dai ka riƙe. Mai keke ne kaɗai zai iya tsayawa ya yi tambaya.

Matsalarmu ɗaya ce, sojoji suna rufe hanya bayan la'asar. Dole mu shiga Damaturu kafin nan.

To, Baba ba ya gaida mutum daga kan keke, a wurinsa wannan rashin tarbiyya ne. Da ya hango wani a gindin bishiya sai ya sauka, ya jingine keken, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna. Sai ka ji "wushe, wushe" ba ƙarewa. Ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi gajiya, har awaki sai ya ji lafiyarsu. Sai an gama wannan duka zai sauke murya ya faɗi sunan ƙaninsa. A girgiza kai, ya yi godiya, ya sa takalmi.

A tsayawa ta biyar haƙurina ya ƙare. Na ce, "Haba Baba! Don girman Allah ka yi tambayarka kawai mu wuce. Dubi rana."

Bai ko dubi ranar ba. Ya ce, "Ɗana, a zamanin nan in baƙo ya tsaya ya tambayi sunan mutum, kowa cewa zai yi bai san shi ba. Sai sun ji bakina sun san ni ɗan gida ne."

Wallahi raina a ɓace yake. Sauran huɗun suka ce za su yi gaba su jira mu a Damaturu. Ni na zauna da Baba. Ina so in ce tausayi ne ya riƙe ni, gaskiyar magana kuwa cinyoyina ne suka ƙi aiki, kuma sirdin nan ya ci mutuncina tun kafin azahar.

Mu biyu muka ci gaba. Hanya fayau, sai ƙarar sarƙa da numfashina. Muna wuce gidajen da ba rufi, da gonakin da ciyawa ta cinye. A kowane shinge mu sauka mu tura keke da hannu, mu ɗaga riga, mu nuna takardar izini.

Da muka wuce Benisheikh muka iske wata tsohuwa tana tsare da ɗaurin itace a bakin titi. Baba ya sauka kamar kullum. Ban iya Kanuri sosai ba, amma na lura gaisuwar nan ta fi sauran tsawo. Da ya faɗi sunan, tsohuwar ba ta girgiza kai ba. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta yi magana a hankali, tana nuna bayan wasu bukkoki.

Baba ya ce in riƙe masa keke. Na ga ya bi bayanta ba takalmi, ya tsaya a wani fili, ya ɗaga hannuwa yana addu'a. Ni da na wuni ina mita a kan rana, a lokacin ban ƙara ɗaga kai sama ba. Kunya ce ta kama ni.

Da ya dawo sai na ce, "Baba, Allah Ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin." Ya zauna a kan kwalta yana sa takalmi. "Nan ya gudo, suka ba shi ɗaki. Damunar bara zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu. A kan tabarmarsa ya cika, ɗana. An yi masa wanka, an sa masa likkafani, mutane sun yi sahu sun sallace shi."

Hawaye na bin gemunsa, amma fuskarsa a sake take, rabon da in gan ta haka tun kafin rikici. Ya yi ta maimaita alhamdulillahi. Ni ma na tsinci kaina ina taya shi godiya a kan labarin mutuwa, kuma har cikin zuciyata nake yi.

Mun shiga Damaturu ana shirin jawo gangunan rufe hanya. Abokan tafiyarmu suka taso da gudu suna tambayar ko an dace.

Baba ya ce, "An dace. Na ga kabarinsa."