Ɗaɗɗoyar Mai Mita

Shekara talatin da ɗaya Mai Mita ya yi yana shiga gidajen mutane yana duba mita yana kama ɓarayin wutar lantarki, kuma har ya ajiye aiki bai taɓa yarda akwai gidan da ba a ɓoye masa wani abu ba. In an yi masa fara'a, ya ce akwai waya a bayan firji. In an ɗaure masa fuska, ya ce wayoyin biyu ne. Ko ruwa aka ba shi sai ya tsaya yana tunanin dalili. Abin haushin shi ne sau da yawa zarginsa kan fito gaskiya, shi ya sa halin ya bi jikinsa ya zauna daram.

Mutum ɗaya ce ta tsira daga wannan ido nasa, matarsa. Ita dariya take yi masa. Tana da ɗaɗɗoya a cikin wani tsohon bokitin fenti a bakin taga, tun farkon aurensu take rainonta, in ta tsufa ta yanki reshe ta sake dasawa. Kullum da safe ganye biyu take tsinka ta jefa masa a shayi, ta ce, "Sha, ban sa komai ba, Malam mai bincike." Da Allah ya yi mata rasuwa, ɗansu ya zo ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba. Mai Mita ya bar kujeru, ya bar gado, ya bar har rediyonsa, amma bokitin nan a cinyarsa ya yi tafiyar.

Gidan ɗan nasa hawa na biyu ne, a wani bene da wasu dogayen benaye biyu suka matse. Duk tagar da ka buɗe bango za ka gani. Shi ɗan nasa direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba, don haka zaman ya zama na Mai Mita da surukarsa, wata mai sanyin murya da ke aikin jinya a ɗakin jarirai na asibiti. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ta durƙusa ta ce "Baba ina kwana," ya amsa yana kallon wani wuri. Kafin wata guda ɗaɗɗoyar ta miƙe siririya, ganyen ya koɗe, ƙamshin ya ragu. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, domin ita kaɗai ce abu mai rai da matarsa ta bari a hannunsa.

To, amma wuta sana'arsa ce. Ya kwashe tarkacen da ke cikin sito, wani ɗan ɗaki marar taga kusa da kicin, ya sayo doguwar fitilar da ake yi wa shuke-shuke, ya rataye ta da sarƙa a silin, ya ƙirga zoben sarƙar daga ƙasa ya maƙala ƙugiyar fitilar a na tara. Cikin sati biyu ganye ya dawo kore shar. Daɗi ya kama shi, ya ƙaro na'a-na'a a gwangwanin madara, da albasa mai ganye, da barkono. Maƙwabta suka fara tsayawa a matakala suna tambayar wane irin haske ne mai ruwan hoda ke fita daga gidan. Ya ce musu, "Haske ne." A ransa kuwa ya rubuta sunan duk wanda ya yi tambayar.

Kowace safiya yakan sauka wajen wani tsohon abokinsa mai gyaran fanka, su yi hira zuwa azahar. Ran nan ya dawo ya tarar da ƙofar siton a buɗe kaɗan, an tokare ta da silifa. Ya taɓa fitilar, tana ci, amma jikinta da sanyi, alamar an kashe ta bayan fitarsa, yanzu aka sake kunna ta. Ya ɗaga kai ya ƙirga sarƙa. Ƙugiya na zobe na sha biyu, an ɗaga fitilar sama.

"Af!" in ji shi. "A gidan nan ma?"

Bai ce wa kowa komai ba, don mai bincike ba ya magana sai da hujja. Ya mayar da ƙugiya na tara. Washegari kafin ya fita ya barbaɗa hoda a ƙasa, ya ɗaura farin zare a makunni. Da ya dawo, zare ya tsinke, ga sawun ƙafa ƙarama a cikin hoda, shiga da fita. Kwana huɗu yana wannan tarko, kullum yana kamawa, ban da ranar da take aikin safe. Ya zauna ya tsara abin a kansa tsaf: yarinyar nan ƙyashin wutar da fitilar ke sha take yi, ko kuma siton take so ta mayar da tarkacenta, ko dai shi ɗin ne gaba ɗaya ta gaji da gani. Ga shi kuma bakin wasu ganyen ya fara ƙonewa, ya zama ruwan ƙasa. Me ya rage? Ai ga ɓarna ga sawu.

A rana ta biyar ya ga abin da ya tsinka masa zuciya. An yanke reshe guda daga ɗaɗɗoyar, mafi kyau a cikinsu, yanka na reza, a karkace. Shi da yake ƙirga ganye kafin ya tsinki biyu! Ya fito ya same ta tana wanke-wanke.

"'Yar nan, wa ke shiga sito?"

Ta tsame hannu daga ruwa ta durƙusa. "Ni ce, Baba."

"Me kike nema?"

"Baba, fitilar ce na ga kamar ta yi..."

"Fitila? Ni za a koya wa fitila? Tun ba a haife ki ba nake kan sanda ina jan waya. Reshen kuma fa, miya ya shiga?"

Ta sunkuyar da kai. A tarbiyyarta ba a ja-in-ja da uban miji, shi kuma a sana'arsa duk wanda ya sunkuyar da kai ya amsa laifi ke nan. Ya juya yana huci.

A ranar ya sayo kwaɗo ya datse siton, makulli ya koma aljihun 'yar cikinsa. Ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Sannan ya yi abin da ya shekara talatin yana kama mutane a kai: ya kwance makunnin ya haɗe wayoyin kai tsaye, yadda babu mai iya kashe fitilar ko da ya shiga. Don ya rama wa shukar hasken da aka sace mata, ya sauko da ƙugiya zobe na shida, fitila ta kusa taɓa ganye. Ya tsaya ya kalli aikinsa ya ji ya yi maganin ɓarawo.

Sai abu ya ƙara lalacewa. Ganye ya naɗe, na sama ya bushe ƙayau. Mai Mita ya ce lalle kafin ya sa kwaɗon ta zuba wani abu, gishiri ko kalanzir. Ya shinshina ƙasar, har ya ɗanɗana, wallahi sai da ya ɗanɗana. Ya riƙa kwarara ruwa safe da yamma don ya wanke gubar. In ya buɗe ƙofar wani zafi mai warin ruɓa ne ke dukan fuskarsa, amma idonsa na kan surukarsa, bai saurari hancinsa ba. Sau biyu ta tsaya a bayansa ta ce, "Baba, da za a bar ƙofar..." Sau biyu ya ce mata ta je ta yi aikinta. Na'a-na'a ta kwanta, barkono ya zubar da fure. A rana ta tara ya kama ɗaɗɗoyar zai gyara mata tsayuwa, sai ta biyo hannunsa, gindin ya yi baƙi ya ruɓe.

Ya zauna a ƙasan siton da ita a hannu. Ranar jana'iza bai yi kuka a gaban mutane ba, amma ranar nan ya yi, kuka sosai, na wanda aka yi wa mutuwa sau biyu. Da hawayen suka tsaya, fushi ya maye gurbinsu. Ya rantse sai ya nemo abin da ta zuba, ya ajiye a gaban mijinta.

Washegari tana fita aiki ya shiga kicin ya fara bincike irin na da. Ya leƙa bayan firji, ya ɗaga buhuna, ya buɗe kowace kwalba ya shinshina. Can ƙarƙashin kantar kicin, bayan jarkokin ruwa, ya hango wata siririyar waya ta bi bango ta shige wani kwali. Murna ta kama shi. Waya a ɓoye! Ya janyo kwalin.

An huda gefensa ko'ina don iska. Daga sama an rataye 'yar fitilar karatu. A ƙasa ga kofin gilashi da ruwa, a ciki ga reshen ɗaɗɗoya mai yanka a karkace, ya fitar da fararen saiwoyi kamar zare, ganye shida kore shar. A jikin kwalin an manna takarda da rubutun hannunta, irin wadda ake ratayewa a gadon majinyaci: lokacin kunnawa, lokacin kashewa, ranar canjin ruwa.

Ya daɗe a durƙushe. Can ya sa bayan hannunsa ƙarƙashin 'yar fitilar, ya ji ɗumi kaɗan. Ya tashi ya buɗe siton, ya sa hannun daidai inda ganye yake a ƙarƙashin tasa fitilar. Bai kai ƙirga goma ba ya janye, fata na raɗaɗi. Ya san abin da kowace fitila ke sha a awa guda, amma bai taɓa sa hannu ya ji abin da take yi wa na ƙarƙashinta ba. Kunya ta rufe shi. Shi ne ya kashe ɗaɗɗoyar, da kwaɗonsa da wayarsa.

Da la'asar ta dawo ta tarar da shi zaune a kicin, kwalin a gabansa. Ta tsaya cak, jaka a kafaɗa.

"Baba, ka yi haƙuri, da na..."

"Ina kika koyi wannan?"

"A wajen aiki, Baba. Jariran da suka zo da ciwon shawara fitila muke sa musu. Sai an auna nisa, a riƙa taɓa jikinsu, a riƙa cire su suna hutawa. Da na ga bakin ganyen ya fara ƙonewa sai na ji tsoro. Reshen kuma, haka na ga Mama tana yi in ta ga uwar ta fara gajiya."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta dubi ƙasa. "Na fara, Baba."

Gaskiya ne kuwa, ta fara, har sau uku. Ya tashi ya ɗauko filaya ya raba wayoyin ya mayar da makunnin. Ya zare tsumman ƙofa, ya cire kwaɗon ya ajiye mata a kan kantar kicin tare da makullinsa. Ya zubar da ruɓaɓɓiyar ƙasar, ya wanke bokitin fentin da hannunsa. Sannan ya hau kujera ya kama sarƙar, ya tsaya bai waiwayo ba.

"'Yata, zobe na nawa?"

"Na sha biyu, Baba."

Ya ƙirga sau biyu ya maƙala. Ya sauko ya miƙa mata bokitin.

"Ke za ki dasa. Hannunki ya fi kama da nata."