Kawu Ɗan Canji da Kasuwar da Ba Ta da Mai Tsaro

Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Suleja. Shekarun baya na samu aikin fassara da nake yi a gida bayan an tashi daga makaranta, kuma masu aikin suna ƙasar waje. Da wata ya ƙare suka ce su ba sa biya ta banki, sai da kuɗin intanet, wato kirifto. Na buɗe walat, wato asusun ajiyar irin wannan kuɗi, a kwamfutata suka turo. Sai dai irin kuɗin da suka turo ba ya zama wuri ɗaya. Da safe ya isa cefanen wata, kafin la'asar ya zube.

Wata abokiyar aikina, malamar lissafi, ita ta nuna mini wani shafi inda zan musanya shi da wani iri wanda darajarsa ke bin dala. Ta ce ba rajista, ba kamfanin da zai riƙe mini kuɗi, daga walat ɗina zai fita ya dawo walat ɗina. Shafin kuwa fayau yake: akwati biyu da maɓalli ɗaya. Na danna. Kuɗin aikin da suke kira gas ya yanke mini wani babban kaso, har na zauna ina kallon bango, shinkafa ta kusa kamawa a tukunya.

Ran nan Juma'a ce, kuma duk Juma'a Kawu, yayan mahaifiyata, a gidanmu yake cin abinci bayan an sauko daga masallaci. Ɗan canji ne. Tun ina yarinya yake shiga motar Abuja da sassafe ya dawo da yamma, aljihun 'yar cikinsa a ɗinke da zif biyu. Ya ga fuskata ya tambaye ni abin da ya faru, na faɗa masa.

Ya ce, "To, wa ke zaune a wurin?"

Na ce, "Ba kowa, Kawu."

"Ba kowa? In an cuce ki, rigar wa za ki riƙe?"

Na ce tsari ne aka rubuta, shi ke yanke farashi. Ya yi dariya har ya ƙware, na miƙa masa ruwa. Da ya huce ya ce, "Malama, kasuwar da ba a taya kaya ai ba kasuwa ba ce. An faɗa miki farashi kin karɓa kawai, kamar mai sayen kan sarki." Malama yake ce mini tun da na fara aiki, rabi girmamawa rabi tsokana.

Bayan wani lokaci shafin ya fara kiran mutane su zuba nasu kuɗin a wani rumbu da masu musanya ke ɗiba, ana ba su kaso daga ladan kowane ciniki. Dole ka zuba iri biyu tare. Na yi wa Kawu bayani ina murna. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali ya sa na maimaita.

Ya ce, "Wannan sana'armu ce. Kin zama 'yar canji ke nan. Amma ki sani, ranar da ɗaya ya tashi, shi kowa zai zo ya kwashe, a bar miki wanda ya faɗi."

Ban ji ba, na zuba kaɗan. Haka kuwa aka yi. Da na je cirewa na tarar mai tsadar ya ragu, mai arahar ya cika mini hannu, ladan da na samu bai cike giɓin ba. Na ji kunyar faɗa masa. Da na faɗa, cewa kawai ya yi shi ma a shekararsa ta farko a canji haka ya koma gida da takardun kuɗin da ba mai so, kuma mahaifiyata ce ta ɓoye zancen kada kakanmu ya ji.

Sannu a hankali abin ya yi ta sauyawa. Masu shafin suka buɗe wata hanya mai araha, kuɗin gas ya sauko har ya zama kamar na hawa keke napep zuwa kasuwa. Daga baya suka fito da manhajar waya, na daina jiran a kawo wuta kafin in kunna kwamfuta. Ina iya musanyawa a ɗakin malamai tsakanin darasi da darasi. Kalmomin sirrin walat ɗin, waɗanda in sun ɓace komai ya tafi, Kawu ne ya hana ni ajiye su a waya. Ya sa na rubuta a takarda biyu, ɗaya a wurina, ɗaya cikin gwangwanin da yake ajiye takardun gidansa.

A tsakanin nan gwiwarsa ta fara ciwo. Tsayuwar jiran mota da cunkoson hanya suka gagare shi, ya daina zuwa Abuja. Ya daina zuwa gidanmu ma ranar Juma'a. Matarsa ta ce mini yana wuni a zaure, rediyo a kunne amma ba ya sauraro. Mutumin da ya saba a yi ta kiran sunansa daga kowane ɓangare, yanzu wayarsa sai ta wuni ba ta yi ƙara ba.

Wata Asabar na buɗe manhajar na ga sabon abu: za ka iya rubuta farashin da kake so, ka tafi harkarka, in kasuwa ta kai nan cinikin ya faɗa da kansa. Ban ko gama wanki ba na yafa mayafi na tari keke zuwa gidan Kawu a Bagama.

Na ce, "Kawu, sun fara yarda a taya."

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. Ya tambayi farashin jiya da na shekaranjiya, ya yi lissafi yana motsa leɓe, sannan ya faɗi wata lamba ya ce in rubuta. Na ce ta yi nisa. Ya ce in rubuta dai. Kwana uku ba abin da ya faru. Rana ta huɗu ina cikin aji wayata ta girgiza, cinikin ya faɗa. Da na kira shi, tun kafin in yi sallama ya ce, "Ya kai, ko?" Na ji muryarsa ta dā ta dawo.

Ba duk abin da suka kawo muka karɓa ba. Akwai lokacin da aka ƙara wani sashe inda mutum zai yi cinikin da ya ninka abin da yake da shi, yana hasashen tashi ko faɗuwa. Abokiyar aikina ta shiga, ta ci riba a makon farko, ni ma raina ya biya. Kawu ya ce a sana'arsu ya ga masu irin wannan zuciyar, kuma bai ga wanda ya tsufa da ita ba. Ya ce in tambayi malamin islamiyyarmu tukuna. Na tambaya, bayanin da ya yi bai kwantar mini da hankali a kan sashen ba, na bar shi. Har yau ban taɓa danna wurin ba.

Da ƙaramar salla ɗansa ya saya masa waya mai babban gilashi. Ni na sa masa manhajar, na tura masa ɗan abin da zai gwada da shi. Yatsansa kauri gare shi, ya danna nan ya faɗa can, ya yi tsaki ya ce masu abin ba su san da tsofaffi ba. Sau uku yana soke cinikin da kansa saboda bai yarda da lambar da ya gani ba. A na huɗu ya karanta komai a bayyane, kamar yadda yake ƙirga wa baƙo kuɗi a gabansa, sannan ya danna.

Yanzu zaurensa ba ya rabo da mutane. Tsofaffin abokan sana'arsa biyu suna zuwa, ɗaya tun daga Tafa, da wata mai shagon atamfa da 'yarta ke turo mata kuɗi daga waje. Shi ke koya musu lokacin jira da lokacin sakin kaya, da yadda za su tabbatar shafin na gaskiya ne kafin su haɗa walat. In an zo maganar maɓalli kuma sai ya ce a jira Malama. Ina zuwa ranar Lahadi da hantsi, matarsa ta dama mana kunun gyaɗa.

Makon jiya na tarar sun sake wa manhajar fasali, an matsar da komai. Kawu ya yi faɗa sosai, ya ce ko a kasuwa in za a tashi rumfa ana sanar da mutane. Sannan ya gyara zama, ya ce wa mutumin Tafa ya matso kusa, ya miƙo mini wayar.

"To, nuna mana inda suka kai maɓallin."