Mai Zuwa Gaisuwar Tarakta

Da sunan Allah, Rayayyen da ba ya mutuwa.

Alhaji Ma'azu na Gure ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin raƙuma, daga baya ya koma noma a Gidigir. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ba a taɓa jin ya yi rantsuwa a kasuwa ba. Saboda haka, lokacin da ƙungiyar manoman wurin ta yi niyyar sayen tarakta, shi ta ɗora wa amanar zaɓe. Amana ce mai nauyi, domin daminarmu gajera ce: idan tarakta ta tsaya a farkon ruwa, gonakin da suka dogara da ita sun rasa shekara.

Ɗan ƙanensa Tukur ya kawo masa hotunan taraktoci cikin wayar salula, daga dillalan Kwatano da na Kano, jajaye da shuɗɗa, sababbi a ido, ga arha. A Gure kuwa akwai Inusa, ɗan Damagaram mai garaji kusa da tasha, da tarakta guda wadda rana ta cinye wa fenti, kuma ta fi tsada.

"Baba, ka dubi wannan," in ji Tukur. "Ta Inusa ai kakarta ce."

Alhaji bai musa ba. Malaman fiƙihu sun halatta sayen abin da ba a gani ba bisa siffantawa, muddin mai siffantawar amintacce ne, kuma ya san haka. Sai ya ce a kira masa dillalan. Kowanne tambaya ɗaya ya yi masa, irin wadda yake yi a kan raƙumi:

"Idan ta mutu, wa zai zo mini gaisuwa?"

Na Kwatano ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ba ta mutuwa." Na Kano ma kusan haka ya faɗa. Alhaji ya yi istigfari, ya mayar wa Tukur salularsa.

"Sun ba ƙarfe siffar da Allah Ya keɓe wa kanSa. Wanda ya yi kuskure a wannan siffa, yaya zan amince da sauran?"

Da ya je wurin Inusa da tambayar, sai Inusa ya goge hannu ya ce, "Za ta mutu kuwa, Baba Alhaji. Rairayin Gidigir ba ya barin inji. Famfon gazuwal, wato man dizal, shi ne zai fara tafiya. Ga wani famfon can a kan kantar garejina, ga gidana bayan masallaci."

Ita ya saya. Wasu cikin ƙungiyar suka yi gunaguni, har aka riƙa kiranta Ya Kaka, don tsufanta.

A damina ta biyu, washegarin ruwan shuka, Ya Kaka ta mutu a tsakiyar gonar wata gwauruwa mai suna Mairamu, saura gonaki da yawa suna jira. Masu gunaguni suka taru. Alhaji ya aika saƙo Gure, ya shimfiɗa buzunsa a inuwar aduwa.

Kafin la'asar sai ga Inusa bisa moto, wato babur, da famfon ɗaure a baya. Ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba Alhaji, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa," in ji Alhaji. "Tashi ka duba mamaciyar, ƙasa na bushewa."

Ba a yi magariba ba sai da Ya Kaka ta gama gonar Mairamu.